Kiran Da Inna Ta Katse

Tsohuwar ta doki teburin shugaban ofishin har takardu suka zube.

"Ku nemo mini ɓarayin nan, ko in kwana a nan!"

Marigayi ɗanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wannan ofishi yana rubuta wa hukuma gargaɗi kan masu satar muryar mutane da na'ura. Shi ya ja mata kunne: duk ranar da ta ji muryarsa a waya yana neman agaji, ta katse, ƙarya ce.

"Ranar da motarsa ta faɗa rami, 'yan banzan suka kira ni da muryarsa. Wai, 'Inna, turo mutane.' Na tsine musu, na katse. Har yau muryar ba ta bar kunnena ba!"

Shugaban ya sunkuyar da kai. Abokin aikin marigayin, wanda ya binciki wayar ɗan nata, yana bakin ƙofa kamar an dasa shi. Tsohuwar ta juya wajensa.

"Kai, kurma ne? Su wane ne?"

Ya matso kusa da ita.

"Inna, babu wata na'ura. Shi ne da kansa. Kuma ke kaɗai ya kira."