Inna a Gindin Randa

Tunda aka fara adana tunanin mamata a na'ura, masu hali ke kai nasu ɗakin sanyi. Barira kuwa a gindin randa take ajiye na'urar Innarta. Da bazara ta tsananta, sai ta kai ta shagon Tanimu mai gwaji.

Ya jona waya, ya ce, "Inna, wace ce 'yarki ta fari?"

"Barira," in ji na'urar, ko gargada babu.

"Garau take, Yaya. Zafi bai taɓa komai ba."

Barira ta naɗe abarta a zani. Har Inna ta koma ga Allah, kunyar 'yar fari ba ta taɓa barinta ta kama sunan nan ba. Wannan ta hannunta, ko wace ce, ba Inna ba ce.