Ciyawar Roba a Hawa na Bakwai

Ranar Litinin aka liƙa sanarwa a bakin lif: za a ɗaye ciyawar robar da ke farfajiyar hawa na bakwai, a dasa shuke-shuke na gaske. Masu dogon ginin nan na unguwar Sentul a Kuala Lumpur suna neman takardar shaidar gini mai kare muhalli, wani masani kuma ya auna ya ce roba ba ta shan ruwan sama, zafi kawai take tarawa.

Hajjo, mazauniyar ginin, ta tsaya ta karanta. 'Yarta Zuhra shekararta biyar, ƙafafunta ba ƙarfi. Kaf Kuala Lumpur, a kan wannan shimfiɗar kaɗai take yarda ta saki keken koyon tafiya, ta yi taku uku ta faɗi tana dariya. In aka dasa furanni, killace su za a yi.

Hajjo dai ba ta iya fushi a zaune ba. Ta ɗauki takarda ta bi ƙofa-ƙofa da guntun Malayancinta na sayen kifi, tana neman sa hannun maƙwabta. Mijinta Ja'afar, mai karatun digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, shi ya fara sa hannu. Ta ce tunda gine-gine yake karanta, ya rubuta wa masanin nan raddi.

"Bai yi ƙarya ba, Hajjo," ya ce.

Kwana biyu ba ta kula shi ba. Ya rage cin abinci, ta ɗauka tausayin 'yarsa ne. Kullum ta idar da salla sai ta ja wa masanin Allah ya isa, Ja'afar ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Ranar da ta kai takardar ofishin ginin, ma'aikata sun riga sun fara naɗe ciyawar kamar tabarma, Zuhra na kallo ta taga. Manajar ginin ta girgiza kai ta ce aikin gama ya gama. Hajjo ta roƙi a gaya mata ko wane ne masanin, ta kai masa yarinyar ya gani da idonsa.

Manajar ta ce ɗalibi ne jami'a ta turo musu bara, mutum mai gaskiya. Ta miƙo rahoton.

Hajjo ta buɗe shafin ƙarshe. Sa hannun da ke ƙasa shi ne na farko a takardar da take riƙe da ita: Ja'afar Na'Allah.