Gayaunar Malamin Turanci

Ɗan farin wani tsohon manomi ya samu aikin koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a ƙasar waje, ya bar gandun gidansu a Mahuta ana tsakar girbin masara. Tsohon bai raka shi tashar Funtua ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya koma bakin aikinsa.

Aka yi damina uku. Gayaunar ɗan, 'yar gonar da uban ya yanka masa tun yana saurayi, ba wanda ya shuka ta. Duk bazara tsohon yakan share ta, ya zuba taki, ya dawo gida.

Ran nan ɗan ya bugo waya.

"Baba, na dace da makaranta. Mutanen kirki ne, sun ba ni gida, sun ƙara mini shekara biyar. Iyalina ma za su biyo ni. Gayaunar nan a ba ƙanena ya noma."

Tsohon ya saurara kamar mai jin labaran wata ƙasa a rediyo. Idonsa na kan jakin da ya riga ya ɗora wa mangalar taki.

"Baba, kana ji na?"

"Ina jin ka. Gonar tana da mai ita. Ba zan bayar ba."