Taku Goma a Bayan Rumbu

Nomau ya kama ta da ashana a hannu, busasshiyar ciyawa na ci a bayan rumbunansa.

Malama Balki ce, 'yar Kara-Kara, wadda aka ba kuɗin furoje, wato aikin tallafi, ta zo ƙauyensu na yankin Dogo binciken gobarar daji. Tun zuwanta bai yarda da ita ba. Damina biyu babu ruwan kirki, ciyawar nan ce ran dabbobinsu, ga shi sati guda yana ganin baƙin layin toka na zagaye gari.

"Ashe ke kike kunnawa!" in ji shi. "In daji bai ci wuta ba, wa zai ƙara miki kuɗi?"

"Baba, saura taku goma in haɗe..."

Bai saurara ba. Ya tattake wutar, ya kore ta da sanda. Har kasuwar Mirriya sai da ya kai labarinta.

Ran Laraba gobara ta taso daga gabas, iska na kora ta. Duk inda ta iske layin tokar Balki, sai ta rasa abin ci, ta mutu.

Wuri ɗaya ta samu ƙofa: a bayan rumbunan Nomau.