Gadar Bakin Kwata

"Kada ka hau gadar nan!" in ji maƙwabta. Ina, kun san Jabir da taurin kai. Matarsa Radiyya na kujerar baya tana naƙuda, ruwa ya cinye titin Agege, hanya ɗaya ta rage: 'yar siririyar gadar siminti bisa kwata.

Shi kuwa ya yarda da motarsa. Tsohuwar Bitil ce ta mahaifinsa, bakanike ya sauke ta ƙasa, ya tsuke tazarar tayoyin gaba don gayu.

Gaban ya haye sumul. Jabir ya leƙo. "To, masu dariya, kun gani?"

Ji kake rigijib! Mota ta zauna daɓas, hanci na kallon sama.

Radiyya ta damƙi wuyan rigarsa, tana nishi. "Baban Almu, na bayan fa? Ba a tsuke su ba?"