Takardu Arba'in a Teburin Malamai

Tunda ka ce ka samu gurbin digiri na biyu, Allah ya sanya albarka, amma zauna in ba ka misalin wani malamin lissafi a wata babbar sakandare ta tsakiyar birni. Yana da shaidar koyarwa, yana da digiri, sai ya shiga karatun digiri na biyu na Asabar da Lahadi a tsangayar ilimi ta jami'a. Tun daga ranar ya ɗauke ƙafa. In an fita tara, 'yan'uwansa malamai suna ofis ana hira ana tsokanar juna, shi kuwa sai ya shige ajin da ɗalibai suka watse, ya zauna a bencin baya da littafi. Suna, ɗaurin aure, gaisuwar rasuwa, duk sai dai saƙon waya. Ba mugu ba ne, wallahi. Gani yake duk mintin da ya kuɓuce masa ya tafi ke nan. Kewa na cinsa, yana jiyo dariyarsu ta taga, sai ya ce a ransa, "In na gama na dawo." Shekara biyu a haka, har aka daina ajiye masa kujera.

Kwatsam lokacin bincike ya zo. Malamar da ke duba aikinsa ta ce ya kawo amsoshin malamai arba'in kan yadda suke fama da aji mai yara sama da ɗari, cikin mako uku, in ba haka ba sai baɗi. Gogan naka ya bugo takardun tambayoyi, ya jibge su a teburin ofishin malamai, ya danne da kwalin alli, ya rubuta "A taimaka a cike," ya fice ko gaisawa bai tsaya yi ba. Mako uku suka cika, takardu huɗu kacal suka dawo, ɗaya ma duk maiƙon ƙosai. Ran ƙarshe ya tari wata dattijuwar malama a bakin ƙofa, ya rusuna ya ce, "Hajiya, don Allah takardar nan." Ta dube shi ta ce, "Malam, ashe kana magana? Ran da maigidana ya rasu, layi biyu ka turo min a waya. Ban riƙe ka ba, amma hannuna ya ƙi ɗaukar biro."

Aka tashi, malamai na fita biyu-biyu, uku-uku, shi yana tsaye a farfajiya da takardunsa huɗu. Shekarar dai ta wuce shi. Amma abin da ya fi yi masa ciwo, ya ciro waya ya bi sunaye tun daga sama har ƙasa, ya rasa wanda zai kira ya gaya wa.

To, je ka yi karatunka, ban hana ka ba. Sai dai ka riƙa tunawa, zumunta a ƙafa take.