Kunun da Ya Tsaya a Roba

Bari in ba ka misalin wani mai lambu, ka riƙe shi ko don wata rana. Mahaifiyarsa ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, haɗiya ta gagare ta. A asibiti aka zura mata siririyar roba ta hanci har ciki, ta nan abinci da magani suke bi. Shi ne mai jinyarta. Da hantsi nas ta tsaya kansa tana bayani da sauri: kowace ƙwaya a daka ta ita kaɗai, a narkar da ita da ruwa, a ɗura ruwa a robar kafin magani da bayansa. Jar ƙwayar nan kuwa kada a daka ta, a jira likita ya sauya ta da na ruwa. Yana ta cewa to, to, alhali idonsa na kan bakin tsohuwa da ya karkace. Nas na fita, maganar ta watse masa kamar gero a tsakar gida. Ja ce ba a dakawa, ko fara? Ruwan kafin magani ne, ko bayansa? Mai jinyar gadon dama ya ce, "Malam, haɗa su duka mana, ai cikin ɗaya ne." Na hagu ya ce shi dai bai ji haka ba. Mai lambu ya bi nas har ƙofa, ya tarar tana fama da wani mai numfashi sama-sama, nauyi ya kama shi, ya dawo bai tambaya ba.

Sai ya tuna tsohuwa ba ta taɓa shan ƙwaya tsurarta ba, a gida cikin kunun tsamiya yake ɓoye mata saboda ɗaci. Bai kawo a ransa cewa abin da ya bi roba ba ya taɓa harshe ba. Ya murƙushe su duka da bayan cokali, ya dama a kunu mai kauri, ya zuƙa a sirinji, ya ɗura a robar. Rabi ya shige, rabi ya tsaya. A lambu idan tiyo ya toshe ƙarfin ruwa ake ƙara masa, sai ya danna, ya sake dannawa, roba ta ƙi. Kafin azahar jikin tsohuwa ya saki, ya yi sanyi. Ashe jar ta hawan jini ce, an yi ta ne don ta riƙa narkewa a hankali yini guda, sai ga shi ta shiga jini lokaci ɗaya. Aka taru a kanta, aka sauya roba, ta farfaɗo. Bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abarsa. Likita ya ce masa ciwon ne ya yi nisa. Ya gode, ya karɓi gaisuwa, ya koma gida. Har yau in an ce masa wa'adi ne ya cika, yakan ce haka ne, sannan ya kalli hannuwansa. Ciwon ne, ko hannun nan? Babu mai iya raba masa gardamar. Gaskiyar masu iya magana, rashin sani ya fi dare duhu.